Kurakuran da muke yi wajen koya wa yara binciken kimiyya

Malamai 'yan uwana, abin da ya fi damuna shi ne mun mayar da hanyar binciken kimiyya abin hadda. Za ka ga an cika allo da matakai, lura, tambaya, hasashe, gwaji, sakamako, yara su kwafa su haddace su zuba a jarrabawa su ci maki, amma ka ce wa ɗayansu to ya za a yi mu gane ko taki na sa masara saurin girma, sai ya tsaya yana kallonka. Gyaran ba wuya, ka shigo aji da tambaya da kayan aiki, sunayen matakan su biyo baya bayan sun yi abin da hannunsu.

Sai faɗin amsa tun kafin a fara. "Yau za mu nuna cewa iri na buƙatar ruwa kafin ya tsira." To malam ai ka gama, me kuma ya rage su gano? Ka sa kowa ya rubuta abin da yake zato zai faru da dalilinsa, sannan a taɓa gwangwanin shuka.

Wanda kuma ya fi ɓata aiki shi ne canza abubuwa da yawa lokaci guda. Yaro zai shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya ya sa masa taki ya ajiye a rana yana ba shi ruwa kullum, ɗayan ya tura shi lungu ba taki ba ruwan kirki, na farko ya yi kyau sai ya ce taki ne, kuma mu yi masa tafi. Ta ina ya sani? Ƙila rana ce, ƙila ruwa ne. Abu ɗaya tak ake canzawa, sauran komai iri ɗaya, ƙasa ɗaya ruwa ɗaya wuri ɗaya, kuma dole a bar gwangwanin da ba a sa wa takin ba don a samu abin kwatantawa. Labarin James Lind yana taimakawa sosai a nan, likitan sojan ruwan Birtaniya ne, a 1747 ya ɗauki matuƙan jirgin ruwa 12 masu ciwon nan da ke sa dasashi kumbura da jini, ya raba su bibbiyu, abincinsu iri ɗaya, kowane biyu da abin da ya ƙara musu, wasu ruwan teku wasu ruwan khal, wasu lemun zaƙi da na tsami. Masu lemun su suka fi saurin warwarewa. A lokacin ba wanda ya san bitamin C ma, tsarin gwajin ne ya nuna hanya.

Kuma don Allah a daina shuka ƙwaya ɗaya. Ƙwaro na iya cinye cikinta ta ƙi fitowa, a sa goma goma a kowane gwangwani a ƙirga.

Akwai wanda yake min ciwo wallahi, rage wa yaro maki don gwajinsa bai fito yadda littafi ya ce ba. Gobe goge lambobinsa zai yi ya kwafi na maƙwabcinsa, ka ga mun koya masa ƙarya da sunan firaktikal. Makin ya koma kan yadda ya tsara gwajin da yadda ya rubuta gaskiyar abin da ya gani. Gwada wannan, ka tambaye su ko wake zai tsira a cikin duhu, da yawa za su ce a'a, a rufe shi cikin kwali ana ba shi ruwa, zai fito dogo siriri ɗorawa ɗorawa. Wanda hasashensa ya faɗi kuma ya rubuta haka ƙiri ƙiri shi ya kamata a yaba wa a gaban aji.

Uzurin babu lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, kuwa gaskiya ne makarantu da yawa ba su da shi, amma bai hana wannan darasin ba. Ibn al-Haytham, masanin kimiyya haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira kusan shekara dubu da suka wuce, da ɗaki mai duhu da 'yar huda ya gwada yadda haske ke tafiya a miƙe. Kwali da allura da takarda mai shara shara sun isa, su leƙa su ga hoton bishiya ya fito a kife, ka bar su su yi ta gardama kan dalili kafin ka zana musu layukan haske a allo.