Yadda nake renon lalle a tsakar gida ya zauna gajere, ganye shar

Lallen da ke bakin rijiyar gidanmu na Gumel ya girme ni. Kakata, wadda muke kira Inna, ita ta kafa shi, kuma ban taɓa ganin ta ɗauki bokiti da niyyar ba shi ruwa ba. Abin da ya zube wajen ɗiba da ragowar ruwan alwala, shi ke nan rabonsa. Lauje kuwa yana shan sa sau biyu a shekara, babu fashi. Da na yi aure na tare a Kano, na ce ni ma sai na yi shingen lalle a jikin katanga, amma sai na yi abin a baibai: na cika shi da ruwa, na hana shi wuƙa. Sanduna 12 na kafa, 9 suka ruɓe, sauran ukun suka miƙe zalo-zalo suka wuce kaina, gindinsu fayau babu ko ganye ɗaya. Sai da na koma gida na zauna gaban Inna kafin na gane inda na kuskure.

Fara da wuri. Lalle ɗan rana ne, kada ki kai shi ƙarƙashin mangwaro ko bayan ɗaki inda inuwa ke wuni. Masana tsirrai, waɗanda ke kiransa Lawsonia inermis, sun ce ganyensa ya fi tara launi idan zafi yana tsakanin digiri 35 da 45, wato irin zafinmu na bazara da ke sa mutum neman gindin bishiya. Sanyi ne abokin gabarsa, in ya sauka ƙasa da digiri 5 yana iya kashe shi, mu kuwa da wuya hunturunmu ya kai can. Shi ya sa garin Sojat na jihar Rajastan a Indiya, wuri mai zafi da ƙarancin ruwan sama, ya yi suna a duniya wajen noman lalle.

Ƙasa kuma jigawa yake so, mai rairayi, wadda ruwa ke wucewa. Kuskurena na farko ke nan, don ƙasar gidana laka ce mai danƙo. Ga gwajin da nake yi yanzu: in haƙa rami zurfin kamu biyu, in juye masa bokiti guda. In na dawo bayan awa ɗaya na tarar da ruwa kwance, to sai na cakuɗa ƙasar da yashi, in kuma ɗaga wurin ya zama kamar kunya. Taki kaɗan ya isa, tsohon kashin awaki wanda ya riga ya mutu ya zama gari. Ɗanyen taki yana ƙona jijiya, yana kuma gayyato gara.

Ana iya shuka iri. 'Ya'yan lalle ƙananan ƙwallaye ne masu bushewa su yi ruwan ƙasa, kowanne cike da ƙwayoyi masu taurin ɓawo, sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kullum kafin su yarda su tsiro. Na gwada sau ɗaya, haƙurina bai kai ba. Reshe ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Lokacin yankan reshe shi ne farkon damina, in ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Ki je wurin wadda lallenta ke kamu da kyau ki roƙa, domin abin da uwar take shi 'yar za ta zama. Kada ki ɗauki ɗanyen kan reshe mai laushi, kada kuma ki ɗauki tsohon icen da ya yi ƙaya. Na tsakiya ake nema, mai kaurin fensir, wanda ɓawonsa ya fara yin toka-toka. Tsawon rabin kamu, kamar santimita 20 zuwa 25. Ki yanke ƙasan a karkace dab da gaɓa, saman kuma a miƙe. Wannan ba ado ba ne: in sanduna sun taru a hannu, da shi za ki gane kai da gindi. Na taɓa kafa biyu a kife, na yi wata guda ina jiran toho. Ki zage ganyen ƙasa, ki bar biyu ko uku a sama.

Ni a ledar fiyawata nake reno. In yanke bakinta, in huda gindin wuri huɗu da ƙusa, in cika da yashi kashi biyu, tsohon taki kashi ɗaya. Sai in soka sandar fiye da rabinta ya shige, in danna ƙasar da babban yatsa ta kama ta. Ledojin suna zama a inuwar rumfa, inda haske ke shiga amma rana ba ta dukansu kai tsaye. Ruwa ɗan yayyafi ne da buta, sai in saman ƙasar ya bushe. Cikin mako biyu zuwa uku za ki ga ƙananan toho jajaye-jajaye a gaɓoɓin. A nan ne hannu ke ƙaiƙayi, mutum ya so ya zaro ya ga ko jijiya ta fito. Ki bar shi. Sau da yawa toho yana riga jijiya fitowa, kina ja kin tsinke abin da ya fara. Bayan kamar wata biyu, in kin hango fararen jijiyoyi ta jikin leda, sai dashe. Da yamma ake yi, a farke ledar a hankali kada ƙasar ta warwatse. In shinge kike so, ki bar tazarar kamu biyu tsakaninsu.

Damina za ta ɗauke miki ban ruwan watannin farko. Ranin farko ne kawai yake buƙatar kulawa, sau biyu a mako. Daga ya shekara, sau ɗaya a mako ya wadatar, ruwa mai yawa lokaci guda wanda zai nutse ƙasa, ba ɗan tsiyaye kullum ba. Ko kin yi tafiyar wata guda ba zai mutu ba, sai dai fa ya nuna fushinsa. Mutane na cewa lalle ba ya rabuwa da koren ganye, gaskiya ne amma da sharaɗi: in fari ya tsananta ko iskar hunturu ta daɗe tana kaɗawa babu ɗigon ruwa, yakan zubar da ganye ya tsaya kamar busasshe, ya jira. Wanda ke samun ɗan ruwan mako-mako shi ke zama shar har watan Afrilu. In kuma kika ga ganyen ƙasa yana yin ɗorawa alhali ƙasar a jiƙe take, ruwa ne ya yi yawa, ki janye hannu. Ruwan wanki mai omo ba na zuba wa nawa.

Yanzu ga inda zancen yake, wato aski. Lalle in an sakar masa yana iya kai mita 6, ya zama ƙaramar bishiya, rassansa su yi ƙaya, ganye ya koma can sama inda ba ya amfanar kowa. Ranar da na kai wa Inna ƙorafi, dariya ta yi ta ce, “Ke 'yar nan, tausayinsa kike ji? Ai wuƙa ce abincinsa.” Da zarar dashen ya kai gwiwa, ki tsinke kansa da farce. Inda kika tsinke, rassa za su fito ta gefe. Su ma in sun yi kamu guda ki tsinke kansu. Haka za ki yi ta yi a shekarar farko har ya cika ya yi dumu-dumu tun daga ƙasa. Nawa ba na bari ya wuce ƙugu.

Babban yanka kuma sau biyu nake yi. Na farko da kaka, cikin Oktoba, lokacin da ganye ya cika ya ƙosa. Na biyu gab da faɗuwar damina. Manoman lalle suna sare shi ne kusan ƙasa, su bar ɗan kututture, ya sake tohowa. Ni da yake shinge ne, rabin tsawonsa nake cirewa, kuma ina barin gindin ya fi saman faɗi don rana ta samu ganyen ƙasa. Wuƙar ta zama mai kaifi, dakusasshiya tana tsaga reshe. Ribar askin biyu ce: shingen ya yi kyau, sannan sabon ganye ya fi tsoho launi.

Abu ɗaya aski ke hana ki, shi ne fure, don a kan reshe yake fitowa. Saboda haka na ware guda ɗaya a kusurwa ban cika taɓa shi ba. Furanninsa ƙanana ne farare, a cure, ba su da wani kyan gani, amma bayan magariba ƙamshinsu har zaure. Maigidan, wanda da farko ya ce ciyawa na tara masa, yanzu can yake kai tabarmarsa.

Maƙiyansa a wurina biyu ne. Gara tana bin sabon dashe, musamman in an jingina masa kara ko busasshen itace, don haka ina share gindin in barbaɗa toka. Awaki kuma suna son sabon toho. In a waje kika shuka, ki kewaye shi da ƙaya ko waya har ya yi ƙarfi.

Rassan da kika yanka, ki baza su a tabarma cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfa. Kada ki shanya a rana, ganyen zai koɗe ya rage ƙarfi. Da hunturu kwana uku zuwa huɗu sun isa. In ya bushe, kina kaɗa reshen ganye zai zube da kansa. Ki daka a turmi, ki tankaɗe da rariya mai laushi, ki zuba a gwangwani mai murfi inda haske da laima ba sa kaiwa. Garin kirki kore ne, yana ƙamshin sabuwar harawa. In za a yi ƙunshi, a kwaɓa da ruwa da ɗan lemon tsami a bar shi wasu awoyi ya tsumu. Da an cire zai fito ruwan goro, kada ki ce bai kama ba, cikin kwana biyu yake rinewa ya yi ja mai duhu. Lallen da ya fito daga wannan itacen ba ya yin baƙi ƙirin. Baƙin da ake zane da shi a kasuwa sau da yawa da sinadarin rinin gashi ake haɗa shi, kuma akwai waɗanda yake tayar wa da fata har ta yi ƙuraje.

Yankan Oktoban bara ya ba ni gwangwanin madara babba guda biyu cike da gari. Ɗaya na aika Gumel bikin ƙanwata, ɗayan muna kai har yanzu. Sandunan da suka yi kaurin fensir a yankan gaban damina kuma ba na zubarwa, maƙwabta ke zuwa karɓa, kowa da ledarta.