Yadda Baƙo Marar Takardu Zai Nemi Magani a Legas

A Agege, Mile 12, Alaba Rago da Idi-Araba akwai 'yan'uwanmu da dama da suka zo ci-rani daga Nijar, Chadi ko Kamaru, wasu takardunsu sun ƙare, wasu kuma ba su taɓa mallaka ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ciwo kan kwantar da su a ɗaki, suna ta haɗiyar ƙwayoyin kemis, don gudun kada zuwa asibiti ya haɗa su da jami'an shige da fice.

Idan abin gaggawa ne, kamar haɗarin mota, zubar jini ko doguwar naƙuda, kada a tsaya neman takarda. A kira 112 ko 767, ko a garzaya asibiti mafi kusa. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ko ma'aikacinsa hana mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili, kuma "mutum" dokar ta ce, ba ta ce "ɗan ƙasa" ba. Wanda ya saɓa na iya fuskantar tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Wata doka ta 2017 kuma ta wajabta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ko da yake asibitin zai sanar da su. Sai dai a sani, za a iya kawo lissafin kuɗi daga baya, shi ya sa yake da kyau 'yan gari ɗaya su riƙa tara asusu.

Ciwon da bai tsananta ba, a fara da ƙaramin asibitin gwamnati na unguwa. A yanki kati da sunan gaskiya, domin sauya suna yakan rikita tarihin jinya, kuma dokar ta 2014 ta wajabta rufe sirrin majinyaci. Rigakafin yara da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, don haka mai tarin da ya kai mako biyu ya je a gwada majinarsa.

Wanda ba ya jin Turanci ko Yarabanci ya tafi da tafinta, mace kuma ta tafi da 'yar'uwarta mace, saboda kunya kan sa a ɓoye wa likita ainihin abin da ke damun mutum. Idan aka ƙi karɓar majinyaci, a nemi ganin babban likitan da ke bakin aiki cikin ladabi, a rubuta rana da lokaci, sannan a kai maganar fadar Sarkin Hausawan unguwar.