Yadda Ake Mayar da Farfajiyar Gida Lambu Mai Inuwa

A sababbin unguwannin Kano, Katsina da Sakkwato, da zarar an gama gini sai a shafe farfajiya da siminti ko a shimfiɗa mata intalok, don gudun ƙura da caɓi. Illar hakan takan fito a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40: daɓen ya wuni yana shan rana, da dare kuma ya riƙa hura zafi cikin ɗakuna har bayan sallar isha'i. Wanda zai gyara wannan da itace zai fara, domin duk tsiron da ke son inuwa, idan aka dasa shi kafin inuwar ta samu, bazara ɗaya ta ishe shi ya ƙone.

Kafin a sayi dashe ko ɗaya, a ɗauki kwana biyu ana lura da inda rana ke faɗawa. Ranar hantsi ba ta cika ɓarna ba. Wadda ke gasa bango ita ce ta tsakanin azahar da la'asar sakaliya, saboda haka babbar bishiya yamma da ɗakuna ya kamata ta tsaya. A kuma san inda sokawe da bututun ruwa suke, a ɗaga kai a duba wayar lantarki.

Wajen zaɓen itace ne aka fi yin kuskure. Ceɗiya da durumi inuwarsu ta dandali ce da ƙofar fada, amma a gida saiwarsu tana tsaga katanga, ta ɗaga daɓe. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko bedi, tana jure fari kuma ba ta rabuwa da ganye, kamar yadda titunan Maiduguri suka shaida, sai dai a nisanta ta da gini aƙalla mita 5. Mangwaro mai aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, amma idan ya girma inuwarsa tana da kauri ƙwarai, kusan babu abin da ke yi a ƙarƙashinsa. A ganina, ƙaramar farfajiya ta fi dacewa da gwaiba ko lemon tsami, a haɗa da zogale biyu ko uku, domin zogale kan haura tsayin mutum a shekararsa ta farko, ya ba da sassanyar inuwa kafin sauran su taso.

Lokacin dashe shi ne ƙarshen Yuni zuwa Yuli, bayan damina ta zauna. A haƙa rami mai faɗin santimita 60 da zurfi kamar haka, a gauraya ƙasar saman da ruɓaɓɓen taki wanda ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara. A yaga ledar dashen a hankali kada ƙasar ta warwatse, sannan kada a binne gindin fiye da inda yake a cikin leda. Idan akwai intalok, a cire faɗin mita ɗaya a kewayen kowane rami. Dashen da ke wajen katanga kuwa, sai an kewaye shi da bulo ko waya, in ba haka ba awaki sun samu karin kumallo.

Ranin farko ne ke kashe yawancin dashe. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a binne tulun ƙasa a gefen itacen har zuwa wuya, a cika shi da ruwa a rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsatsafowa kai tsaye zuwa saiwa, murfin kuma ya hana sauro yin ƙwai. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk suna da amfani, amma ban da ruwan omo. Busasshen ganye da aka baza a gindi yana riƙe laima, muddin bai taɓa jikin itacen ba.

A shekara ta biyu ko ta uku, idan inuwa ta fara kwantawa, sai a shigo da ƙananan tsirrai na ƙarƙashin bishiya. Moda, tsiron nan mai dogayen ganye masu kauri, ba ta damu da ƙarancin ruwa ba. Citta, irin wadda ake nomawa a Kachia, da gangamau suna son inuwa mai ratsin haske, kuma ganyensu kan bushe da rani, wanda alama ce ta lokacin tono. Gwaza sai inda ruwa ke yawan zuba, na'ana'a kuwa a bar ta a tukunya don kada ta mamaye wuri. Tun da saiwar bishiya za ta yi gogayya da su wajen ruwa, a jera bulo layi biyu a cika da ƙasa mai taki, a dasa su a kai.

Da hunturu a riƙa yayyafa wa ganyen ruwa don wanke ƙura. A rage rassan ƙasa har mutum ya iya wucewa ba tare da sunkuyawa ba, a share gindin katanga saboda macizai da kunamu, a kuma bar fili a tsakiya daidai shimfiɗar tabarma biyu.