Yadda Ake Goge Fuskar Kwamfuta Ba Tare da An Lalata Ta Ba

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu take sauke wa Bauchi ƙurar Hamadar Sahara, babu fuskar kwamfutar da take kwana ta tashi fes, ko da an rufe tagogi an saki labule. A cikin wannan ƙura akwai ɓarɓashin yashi mai kaifi wanda ido ba ya gani, kuma shi ne yake karce sikirin idan aka sa hannun riga ko tishu aka murza. Da yawa daga cikin monitocin da ake gani a ofisoshi da shagunan buga takardu fuskarsu ta dusashe, gugar garaje ce ta mayar da su haka tun ba su tsufa ba. Saboda haka ka'ida ta farko ita ce a raba sikirin da ƙura a bushe kafin a kawo maganar ruwa.

Yana da kyau mutum ya san abin da yake taɓawa. Tsofaffin monitoci masu tudun baya, waɗanda har yanzu ake samu a wasu makarantu, fuskarsu gilashi ne mai kauri da yake jure wahala. Na zamani kuwa, irin LCD da LED da na laftof, yawancinsu saman fuskar leda ce siririya mai tace haske, an kuma yi mata wani shafi da yake hana ƙyalli ya kashe wa mai aiki ido. A ƙarƙashinta akwai gilashi mara kauri mai ɗauke da miliyoyin ɗigon da suke haɗa hoto. Idan wannan shafi ya kankare, ba a sake shafa shi, kuma sau da yawa kuɗin canza sikirin ɗin laftof yakan cinye kaso mai tsoka na kuɗin na'urar kanta.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana bukatar ƙyalle mai laushi guda biyu irin wanda ake goge tabarau da shi, wato maikurofaiba, wanda ake samu a wurin masu sayar da tabarau da kayan waya. Ana bukatar buroshi mai taushin gashi wanda bai taɓa shiga fenti ko mai ba, ko kuma 'yar robar hura iska irin ta masu gyaran agogo da kyamara. Sai ruwa kaɗan, kuma a nan ya kamata a tsaya a yi tunani. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa, shi ya sa idan suka bushe suke barin farin zane a kan baƙar fuska. Wanda ya fi dacewa shi ne tataccen ruwa da aka dafa aka tara tururinsa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota ko na sola. Sai dai a yi hattara ƙwarai wajen saye, domin a shago ɗaya ake sayar da shi tare da ruwan asid na batir, kuma asid zai ƙone sikirin, ya ƙone hannu. A tabbatar an ce tataccen ruwa zalla, a kuma karanta jikin gorar. Idan bai samu ba, ruwan gora mai tsabta zai wadatar, muddin an bi da busasshen ƙyalle nan take.

Kafin a fara, a kashe kwamfutar, a zare wayar wuta daga soket, a bar ta ta huce na 'yan mintoci. Baƙar fuska ta fi nuna inda datti yake, musamman idan aka kalle ta ta gefe kusa da taga, sannan ruwa yana saurin bushewa a kan sikirin mai ɗumi ya bar tabo. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi yake kai maki 40, gara a yi wannan aiki da safe, kuma a kashe fanka don kada ta dawo da ƙurar da aka kore.

Daga nan sai a hure ko a share ƙurar da buroshi daga sama zuwa ƙasa, a bi kusurwoyi huɗu da bakin firam inda take taruwa. Kada a hura da baki, domin yawu yakan biyo iska. Bayan haka a ninke busasshen ƙyallen gida huɗu, a ɗora shi a hankali, a ja daga wannan gefe zuwa wancan a layi ɗaya, a sauko ƙasa kaɗan a sake ja. Duk bayan layi biyu ko uku a juya ƙyallen zuwa ɓangaren da bai taɓa ƙura ba, saboda ƙyallen da ya kwashi yashi ya zama sanfefa. Nauyin hannu kada ya wuce abin da zai riƙe ƙyallen a jikin sikirin. Idan aka ga wurin da yatsa ya danna yana canza launi kamar ruwa yana motsi a ciki, to an matsa da yawa, kuma irin wannan dannawa ce take haifar da baƙin tabo ko farin gajimare da ba ya fita. A yawancin ranaku aikin ya ƙare a nan.

Ruwa yana shigowa ne idan akwai abin da ya manne, kamar shatin yatsun masu nuna kuskure a takardar da ake buga musu, ko feshin atishawa, ko kashin ƙuda da yake yawaita a lokacin mangwaro. A ɗiga ruwan a kan ƙyalle, a matse shi har sai ya zama danshi kawai. Kada a taɓa fesawa ko zubawa kai tsaye a kan sikirin, domin ruwan yakan gangara ya shige ƙarƙashin firam, inda siraran wayoyin da suke sarrafa hoto suke, kuma daga nan ne ake samun layukan nan masu launi da suke tsayawa daga sama har ƙasa. Ga busasshen kashin ƙuda, a ɗora ɓangaren mai danshi a kansa na ɗan lokaci ya jiƙa, sannan a shafe shi a hankali. Farce da reza da bakin biro ba su da wuri a wannan aiki, komai ƙanƙantar ɗigon. Da an gama sai a bi da ƙyalle na biyu busasshe, a jira fuskar ta bushe sarai kafin a mayar da wuta.

Idan maiƙo ne ya ƙi fita, ana iya haɗa tataccen ruwa da farin binega, wato ruwan khal, rabi da rabi, ko a sayi ruwan goge sikirin wanda aka rubuta cewa babu amoniya a cikinsa. Game da sinadarin alkohol, kamfanoni sun sha bamban: Apple ya amince a yi amfani da nau'in alkohol da ake kira isofurofil mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari a fuskar yawancin na'urorinsa, wasu kamfanonin kuwa sun hana, don haka littafin da ya zo da na'urar shi ne alƙali. Abubuwan da ba a kusantar da su ko kaɗan su ne kananzir, fetur, sifirit na kemis, ruwan cire jan farce, bilic, garin sabulun wanki da ruwan goge gilashin taga ko na mota. Turare ma yana cikinsu, kuma na ambace shi musamman saboda yana kusa da hannu a kowane ofis. Tishu, jarida da tawul suna da kaushi, suna kuma barin zare.

Mai laftof yana da ƙarin aiki. Ya tallafi bayan murfin da hannu ɗaya yayin da yake gogewa da ɗayan, don kada murfin ya lanƙwashe ko hinjin ya saki. Ya kuma share kibod kafin ya rufe, domin yashin da ya kwanta a kan maɓallai yakan goga da sikirin a cikin jaka, musamman idan ana hawa Keke Napep ko babur daga unguwar Yelwa zuwa cikin garin Bauchi, har shatin maɓallan ya fito a fuskar. Ga monita ta tebur, a bi ramukan shan iska na baya da buroshi, amma kada a kwance murfin, musamman na tsohuwa mai tudun baya, wadda take iya riƙe wuta mai haɗari bayan an zare ta daga soket.

A lokacin hunturu sharar bushe ta kowace safiya ta isa, gugar danshi kuma sai idan an ga tabo. Da an tashi daga aiki kuma monita ta huce, a lulluɓe ta da yadin auduga mai tsabta maimakon leda, wadda take tsare zafi. Ƙyallen gogewar a ajiye shi a cikin 'yar jaka mai rufewa, a riƙa wanke shi shi kaɗai da sabulu kaɗan, a ɗauraye sosai, a shanya a cikin ɗaki inda ƙura ba za ta sake hawa kansa ba.