Darasi na 9: Kunna wuta a daji babu ashana babu laita

Masuncin da ya kwana kan ruwa a wajen Yauri, da makiyayin da dare ya riska nesa da ruga, duk sun san halin ashana: da ta sha laima shi ke nan. Laita kuma gas ɗinta kan ƙare ba sallama. Akwai hanyoyin samun wuta ba tare da su ba, amma kowace hanya tartsatsi kawai take bayarwa ko ɗan garwashi kamar ƙwayar gero. Wanda bai tanadi abin da zai tare shi ba, aikin banza yake yi. Don haka da makamashi za mu fara.

Tara abu uku kafin ka ƙyasta komai. Na farko mai laushi: audugar rimi, ko gashin da ke cikin 'ya'yan tumfafiya idan sun bushe (a kula da nonon tumfafiya, yana cutar da ido). Sai busasshiyar ciyawa cike da tafin hannu biyu, a murtsuke ta a naɗe kamar sheƙar tsuntsu. Sai kirare, daga masu kaurin tsinke zuwa masu kaurin yatsa.

Abin da ya fi duka kama tartsatsi shi ne ƙonannen tsumma, kuma a gida ake haɗa shi. Samo tsohon zane ko riga na auduga zalla. Mai roba a ciki narkewa yake yi, ba ya kamawa. Yayyanka shi kamar faɗin yatsu biyu, ka zuba a gwangwanin man goge takalmi da aka wanke. Huda murfin da ƙusa, huji ɗaya tak, ka rufe ka ɗora kan garwashi. Hayaƙi zai yi ta fita ta hujin na minti 5 zuwa 10. Da ya tsaya, sauke, toshe hujin da tsinke, ka bar shi ya huce sarai. Nan mutane da yawa suke ɓata aikinsu: sun ƙosa su gani, su buɗe da zafi, iska ta shiga, tsumman ya cinye ya zama toka. Idan ka buɗe ka ga launin ƙasa-ƙasa, bai yi ba, mayar da shi wuta. Baƙi wuluk ake so, mai taushi, wanda ba ya marmashewa a hannu. Adana shi cikin leda.

Yanzu ƙyastu, kayan kakanni, wato ɗan ƙarfen da ake ƙyasta wa dutse ya ba da tartsatsi. Maƙeri zai iya ƙera maka shi da tsohon magagari. Wuƙar silba mai ƙyalli wadda ba ta tsatsa ba ta ba da wuta, kada ka wahalar da kanka. Dutsen kuma ƙanƙara ake nema, ko farin dutse mai tauri. In mulmulalle ne, fasa shi ya yi kaifi. Riƙe dutsen da hagu, ka danne tsumman a samansa da babban yatsa dab da bakin kaifin. Sauko da ƙyastun a karkace kamar kana son kaifin dutsen ya kankare shi, ba dukan kai tsaye ba. Tartsatsin ɗan ɓarɓashin ƙarfe ne da dutse ya kankaro, shi ya sa dutse marar kaifi ba ya komai. Da ka ga jan ɗigo ya bayyana a tsumman, saka shi cikin sheƙar ciyawar, naɗe a hankali, ɗaga sama da fuskarka, ka hura doguwar iska mai sauƙi. Hayaƙi zai yi kauri, sannan harshen wuta ya tashi.

Da rana tsaka, tabarau na karatu irin na dattawa yana aiki, domin yana tara hasken rana wuri guda. Matsa shi gaba da baya har hasken ya koma ɗigo ƙarami a kan tsumman, ka tsayar da hannu. Tabarau na masu kasa ganin nesa watsa haske yake yi, ba zai kunna ba. Ranar da hazon hunturu ya rufe rana ma sai haƙuri.

Batirin tocila biyu a haɗe, kan wannan a gindin wancan, suna kunna soson ƙarfe mai laushi ƙwarai idan ka miƙe shi ya taɓa ƙarshen biyu. Mai kauri na wanke tukunya ba ya yi. Batirin waya kuwa kada ka kuskura, yana iya fashewa.

Murza itace a kan itace gaskiya ne yana ba da wuta, sai dai wanda bai saba ba tafinsa zai yi kanta kafin ya ga hayaƙi. Kada ka dogara da shi ranar buƙata.

Daga Nuwamba zuwa Maris ciyawa a bushe take ƙayau, iska kuma ba ta da tabbas. Share fili taku 3 ta kowane gefe kafin ka hura. In za ka tashi, zuba ruwa ko ƙasa, tona da sanda, ka kara bayan hannunka kusa da tokar. In da sauran ɗumi, ƙara zubawa.