Sabon Takalmin Fata A Kan Dutse: Kurakuran Da Na Gaji Da Gani

Wallahi na gaji da ganin mutum ya sayi sabon takalmin but na fata yau, gobe da asuba ya ɗaure shi ya nufi dutse ana yayyafi, wai zai je ya gwada. Malam ƙafarka ce za ta sha gwajin. Fata mai kauri sai ta saba da ƙafa take laushi, ni sai na yi sati 2 ko 3 ina sa shi a gida, in hau bene in sauko, in ɗan yi tafiyar awa ɗaya da jaka a baya, sannan in yarda ya taka duwatsu. Ranar da na yi garaje ban kai rabin hanya ba duga-dugaina duka biyu suka yi bororo, ɗaya ta fashe, haka na sauko ina ɗingishi. Da ka ji wani wuri ya fara zafi ka tsaya nan take ka manna filasta, kar ka ce sai an kai sama.

Amma wanda ya fi ƙona min rai shi ne wuta. Na dawo takalmi ya jiƙe sharkaf, ga sanyi, sai wayo ya kama ni na jingina shi gaban wuta na kwanta abina. Da safe fatar ta ƙandare kamar itace, ta tsattsage daidai inda yatsu suke lanƙwasawa, gam ya saki, gaban takalmin ya wangale baki kamar kada. Sawa ta uku kenan fa! Kuma har yau ina ganin masu yin haka, kana faɗa musu suna ce maka ai nesa da wutar suka ajiye. Haba dai. Zafi yana tsotse man da ke cikin fata, kuma in ta tsage babu man da zai haɗe ta. Ka kwance igiya, ka ciro shimfiɗar ciki, ka goge laka da ɗanyen tsumma, ka cusa tsohuwar jarida, in ta jiƙe ka canza, ka ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa ko da zai kwana 2. In ya bushe ni kaki nake shafawa kaɗan, musamman kan ɗinki. Wasu na labta mai, ni ban yarda ba, fatar sakwarkwacewa take yi ta daina riƙe idon sawu.

Safar auduga kuwa a bar ta a gida, riƙe gumi take, a sa ta ulu. In za ka sayi takalmin ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar wurin da ya kai faɗin babban yatsa a gaba, kuma ka ƙara tsuke igiya kafin gangara in ba so kake farce ya yi baƙi ba. Kar sunan Vibram, kamfanin da ke yin ƙasan takalmi na roba, ya ruɗe ka, dutse mai gansakuka in ya jiƙe santsi yake ko me ka sa, taƙaita taku ka dasa tafin ƙafa gaba ɗaya. Shi ma Gore-Tex, yadin da ake sawa a cikin takalmi don tare ruwa, ba ya hana ruwa shiga ta sama, sai ka saukar da ƙafar wando ta rufe bakin takalmin.