Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen injin yanke ciyawa da kula da shi a arewacin Kamaru

Daga watan Yuni zuwa Satumba ciyawa takan cika farfajiyar gidaje a Garwa da Marwa, a Ngaundere kuwa, inda ruwan shekara yakan kai kusan milimita 1,500, damina tana farawa tun Afrilu ta kai Oktoba. A wannan lokaci ne magidanta da yawa suke tunanin sayen inji domin gudun sauro da macizai, kuma a nan ne ake yin kuskure mafi tsada, wato a sayi inji ba tare da an dubi irin ciyawar da ke gidan da irin ƙasar da take kai ba.

Injin turawa mai ƙafa huɗu an ƙera shi ne domin fili shimfiɗaɗɗe wanda aka shuka wa gajeriyar ciyawa irin su ƙiri-ƙiri, ana yanke ta a kai a kai. Abin da ke tsirowa a yawancin gidajenmu kuwa shi ne kyasuwa da tofa da ƙarangiya, wani lokaci har da gamba a bayan katanga, a kan ƙasa mai tsakuwa da ramuka da guntayen bulo da magina suka bari. Wuƙar injin fetur tana juyawa kusan sau 3,000 a minti ɗaya, kuma a yawancin ƙananan injuna a jikin sandar injin take ɗaure kai tsaye, saboda haka dutse ɗaya ya isa ya lanƙwasa sandar, daga nan injin ya riƙa karkarwa har hannu ya yi sanyi, gyaransa kuma yakan kusa kuɗin sabo. Irin wannan fili injin ratayawa a kafaɗa ne ya dace da shi, mai zaren roba ga ciyawa mai taushi da faifan ƙarfe ga mai kauri. Idan filin bai wuce taku goma ba ta kowace fuska, a ganina langalanga mai kaifi da lauje sun wadatar, sayen inji ɓarnar kuɗi ce kawai.

Akwai kuma injin hannu marar mai, wanda wuƙaƙensa suke naɗe suna juyawa idan an tura shi, irin wanda Edwin Budding ya ƙirƙiro a Ingila a 1830. Ba ya shan fetur, ba ya ƙara, kuma ya fi kowane inji tsabtar yanka, amma doguwar ciyawa kwantar da ita yake yi ya wuce, ƙaramin tsinke kuma yana tsayar da shi cak. Wanda ba zai iya yanka duk mako ba kada ya saye shi.

Masu gudun wahalar fetur sukan koma ga na lantarki, su manta cewa injin mai waya yakan ja wat 1,200 zuwa 1,800, abin da ƙaramin janareta na fitila da fanka ba zai iya ɗauka ba. Sai kuma a haɗa shi da siririyar waya mai tsawo wadda aka yi wa ƙari da salatif a wuri biyu ko uku, ƙarfin wuta ya ragu kafin ya isa injin, injin ya yi zafi ya ƙone. Waya ɗaya ake so marar haɗi, mai kaurin murabba'in milimita 1.5 idan ba ta wuce mita 25 ba, ko 2.5 idan ta fi haka, kuma a fara yanka daga kusa da soket ana nisa da shi, wayar tana baya. Na batir ya fi sauƙin sha'ani ga ƙaramin gida, musamman mai sola, sai dai zafi ne babban abokin gabarsa. A Garwa zafin Maris da Afrilu yana wuce digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano kuwa ya fi haka nesa, don haka batirin da aka bari a can tsawon rani da wuya ya riƙe caji kamar da. A cire shi, a ajiye a ɗaki mafi sanyi da kimanin rabin caji, kuma kada a sa shi caji yana da zafi bayan aiki. Kafin a biya kuɗi a tambayi mai shago ko yana sayar da batirin shi kaɗai.

Inda aka fi kashe injuna shi ne wajen mai. Yawancin injunan ratayawa ba su da wurin zuba baƙin mai, cikin fetur ake haɗa musu shi, kuma mai na musamman ne da aka rubuta wa 2T, ba irin na mota ba. Injuna irin na kamfanin Stihl suna son kashi 1 cikin 50, wato mililita 20 a kowace lita ta fetur, da yawa daga masu araha kuma suna son 1 cikin 25, wato mililita 40, kuma ma'aunin yana rubuce a littafin injin ko a kan murfin tanki. Wanda ya zuba fetur zalla zai ji injin yana gudu lafiya na ɗan lokaci, sannan fistin ya kame. Wanda ya auna da ido ya zuba da yawa domin neman tsira kuwa, hayaƙi da baƙin fulogi zai samu. Allurar sirinji ta kantin magani ta isa ma'auni. Injin turawa na fetur akasin haka yake, mansa daban fetur ɗinsa daban, kuma sabo yakan zo babu mai a ciki, abin da mutane da yawa ba su sani ba sai bayan sun ja igiya. A zuba baƙin mai mai lamba SAE 30, a juye shi bayan awa 5 na farko, sannan duk awa 25 zuwa 50, gwargwadon yawan ƙura.

Fetur ɗin zuwa-zuwa da ake sayarwa cikin kwalabe a bakin hanya babur yana iya jure masa, amma ramin kafiretan ƙaramin inji bai fi bakin allura ba, ɗan yashi ko ɗigon ruwa yana toshe shi. Idan babu makawa sai shi, a tace da tsabtataccen ƙyalle, a bar na ƙasan kwalba. Matatar iska ma a riƙa cire ta ana kaɗewa, domin injin da ya ƙi tashi sau da yawa ita ce ta toshe, ba fulogin da bakanike zai ce a sauya ba.

Wajen yankan kansa, an fi yin kuskuren aske ciyawa har ƙasa domin ta daɗe ba ta fito ba. Ƙa'idar ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka ɗaya, domin idan ƙasa ta tsiraita rana tana ƙona saiwa, aya-aya da tsaida kuma su mamaye wurin. A bar ƙiri-ƙiri a santimita 4 zuwa 5, kuma a jira raɓa ko ruwan dare ya bushe, musamman a ƙasar laka irin ta wajen Marwa inda ƙafafun inji suke nutsewa. Kafin a tayar da inji a tsince duwatsu da waya, a shigar da yara ɗaki, mai aikin kuma ya sa takalmi rufaffe da tabarau, ba silifa ba. Idan za a taɓa wuƙa a fara zare hular fulogi, a kishingiɗar da injin ta yadda matatar iska za ta kasance a sama, in ba haka ba mai zai malala cikinta. Bayan an wasa wuƙar a rataye ta a kan ƙusa ta ramin tsakiya, duk gefen da ya rinjaya a ƙara goge shi.

Ciyawar da inji ya niƙa tana ɗaukar zafi cikin 'yan awoyi idan aka tara ta, kuma tana iya kumbura cikin doki har ta halaka shi, don haka a shanya ta ko a zuba a ramin taki. Da damina ta ɗauke a Oktoba, a tsiyaye tanki, a tayar da injin har ya mutu da kansa, domin fetur ɗin da ya wuce wata ɗaya yakan bar danƙo a kafireta. Sannan a kankare busasshiyar ciyawar da ke ƙarƙashinsa, a shafa wa wuƙa mai, a lulluɓe shi da buhu kafin ƙurar hunturu ta sauko.